Ajin da Ya Gaji Tarin Malaminsa

A tsakiyar zango aka canza mini wurin aiki zuwa wata firamare da ke unguwar Bolari. Ba lokacin ɗaga malamai ba ne, don haka tun ina gida a Jekadafari na san akwai dalili. Makarantar tana bayan layin masu gyaran mota da masu walda. Sai mutum ya sauka daga keke a bakin titi, ya ratsa tsakanin motocin da aka kwance wa ciki, ya tsallake kwatar da baƙin mai ya daskare a kanta, sannan ya ga ƙofar. Tun safe har yamma ƙarar guduma ce da kukan janareta.

Ban daɗe da dawowa daga wata bita ba a lokacin, inda aka koya mana cewa yaro shi ne tsakiyar aji, malami ya koma gefe. A bar yara su taɓa abu da hannunsu, su yi gardama, su yi kuskure, su gano da kansu. Abin ya shiga raina sosai, domin ni ma da hadda aka raine ni, kuma na san yawan abin da na haddace ban fahimta ba. Na zo da zumuɗi, ina ganin na samo maganin ciwon da ke damun makarantunmu.

Hedimastan siririn mutum ne mai furfura, ba ya ɗaga murya. Ya ce aji biyar zan riƙe, malaminsu ne ya rasu.

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ya ce, "Amin. Ni ma shi ya koyar da ni, a wannan ɗakin da za ki shiga. Baba Malam muke kiransa, mu da 'ya'yanmu." Sannan ya ce, "Yaran ba su da matsala. Za ki gani."

Ajin yana ƙarshen baranda. Na wuce aji uku da aji huɗu, kowanne kamar kasuwa, sai na iso nawa na ji shiru, har na ɗauka babu kowa. Na leƙa, sai ga yara cike har bakin ƙofa, kowa ya ɗora hannu a kan benci. Suka miƙe tare suka gaishe ni, amma ba ni suke kallo ba. Idanunsu suna can gefen hagu na allo, inda wata tsohuwar kujerar katako take. Ƙura ta rufe tagogi da saman allo, amma kujerar an goge ta tas. Na ajiye jakata a kan taga na tsaya.

Na tambaye su inda suka tsaya a kimiyya. Monitan ajin, wani dogon yaro baƙi, ya buga benci da tafin hannu, suka fara.

"Ruwa ba shi da launi."

Sai duk ajin ya yi tari, gajere, busasshe, a tare. Suka ci gaba.

"Ruwa ba shi da wari. Ruwa ba shi da ɗanɗano. Ruwa yana saukowa daga sama, ya shiga ƙasa, ya cika rijiya da rafi."

Na sha jin yara suna karanta hadda, kowa ya san waƙarta, da yadda muryoyi ke tashi sama a ƙarshen layi. Wannan ba irinta ba ce. Sun sauke murya can ƙasa, suna jan kalmomin a gajiye, har da 'yar shaƙewa a maƙogwaro. Da na rufe ido, da sai in ce wani tsoho ne ke magana da baki masu yawa.

"Idan rana ta buge shi, sai ya…"

Suka tsaya cak. Gaba ɗaya kawunansu suka juya wajen ƙofa. Ni ma na juya. Babu kowa, sai rana a tsakar makaranta, da bishiyar dogon-yaro, da wata akuya tana cin takarda.

Na ce, "Sai ya me?"

Can monita ya ce, "Nan muka tsaya, Malama."

Da aka fita tara na samu malamar aji huɗu a baranda tana cin dafaffiyar gyaɗa. 'Yar Kaltungo ce, mai jiki, mai yawan dariya, ta daɗe a makarantar. Ta zuba mini gyaɗa a hannu ta ce, "Sun yi miki, ko? Na ji ta bango."

Ita ta ba ni labarin. Baba Malam ya wuce lokacin ritaya, amma ya ci gaba da zuwa, kuma ba wanda ya iya ce masa ya zauna a gida. Tari ya daɗe yana damunsa. Ran nan yana tsakiyar wannan darasin sai tarin ya sarƙe shi. Ya ce wa yaran, "Kowa ya zauna inda yake, yanzu zan dawo." Ya fita, ya kai gindin dogon-yaron, ya zauna, ya jingina. Ita ce ta fara ganinsa ta taga, ta ɗauka hutawa yake. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Ta ce, "A cikin ruɗanin kowa ya manta da yaran. Aka buga wilin motar da muke ƙararrawa da shi aka tashi, makaranta ta watse. Sai bayan la'asar iyaye suka fara zuwa nema. Muka zo muka same su zaune yadda ya bar su, ba wanda ya fita ko fitsari. Na ce su tashi, suka kalle ni kawai. Iyayensu suka yi magana, shiru. Sai da Hedimasta ya shigo ya ce, 'Baba Malam ya ce ku tafi gida,' sannan suka miƙe."

Na kasa cin gyaɗar. Ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Kafin ke an kawo wani, bai jima ba ya nemi a ɗauke shi."

Duk da haka na fara abin da na zo yi. Na sa muka jujjuya bencina, aka yi rukuni-rukuni, yara suna fuskantar juna. Sun yi yadda na ce ba musu. Suka zauna gwiwa da gwiwa, kowa ya sunkuyar da kai. Na ba kowane rukuni tambaya na ce su tattauna, na zaga ina jira. Ko raɗa ban ji ba. Washegari na tarar da bencina sun koma layi-layi. Muka sake jujjuyawa. Da safe suka sake komawa.

Na zargi maigadi, ya rantse ko ajin bai shiga ba. Sai na sammako wata rana, kafin masu gareji su buɗe. Daga baranda na fara jin ƙarar katako a kan siminti. Na tsaya a taga. Yaran ne da kansu, maza da mata, suna ɗaukar bencina bibbiyu. Ba mai ba da umarni, ba mai magana. Ƙafafun bencina sun ci simintin shekara da shekaru har sun yi 'yan ramuka, kuma a cikin ramukan nan suke saita kowace ƙafa, su girgiza su tabbatar ta zauna. Wata 'yar ƙarama tana goge kujerar da gefen hijabinta.

Na shiga na yi sallama. Ba su firgita ba. Na ce, "Me ya sa kuke mayarwa?"

Mai goge kujerar ta ce, "Idan ya dawo…" sai ta haɗiye sauran.

Monita ya ce, "Mun san ya rasu, Malama. Mun je gaisuwa gidansa."

"To, me ya sa?"

"Haka ya bar mu."

A bita an gaya mana cewa tsoro ne ke rufe wa yara baki, tsoron bulala da tsawa. Na yi ta neman bulalar nan ban same ta ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce Baba Malam bai taɓa dukan kowa ba, ko tsawa ba ya yi. Ya san uban kowane yaro da kakansa. Idan yaro ya kwanta ciwo, da kansa yake takawa ya duba shi, ko coci iyayen suke zuwa ko masallaci. Da tsoro ne, na san yadda zan yi da shi. Amma wannan ƙauna ce, ta kama su ta ɗaure, kuma ba a koya mana abin da ake yi da irin wannan ba.

Na ce bari in bi ta ruwan, tunda a kansa suka tsaya. Na cika kwalabe. Ɗaya daga rijiyar gidanmu, ɗaya daga jarkar 'yan ga-ruwa, ɗaya fiya-wata ce, ɗaya kuma na ɗebo a kwatar bayan gareji, baƙi ƙirin, mai yana yawo a samansa. Na jera su a kan bencin gaba. Na ɗaga ta kwata na zaga da ita, na kai ta kusa da hancinsu. Na ga wasu sun yamutsa fuska.

Na ce, "Ku duba da kyau. Me kuka gani?"

Monita ya buga benci.

"Ruwa ba shi da launi."

Suka yi tarin.

"Ruwa ba shi da wari."

Idanunsu suna kan kwalbar. Baƙin ruwan yana gabansu, warinsa ya cika ajin, wasu har sun toshe hanci da hannu, amma bakinsu yana faɗin abin da yake faɗi. Na riƙe kwalbar har suka kai "sai ya", suka juya wajen ƙofa. Wannan karon na hana kaina juyawa, amma na ji ƙofar a bayana kamar an zuba mini ido.

Cikin shirun nan wata murya ta ce, "Wannan baƙi ne."

Wata yarinya ce a bencin baya, doguwa, mai ƙananan tsage a kumatu. 'Yan Borno ne, rikici ya taso su, suka sauka wajen wani ɗan'uwansu a unguwar Madaki, ubanta yana sayar da bandar kifi. Bayan rasuwar Baba Malam aka kawo ta makarantar, ba ta taɓa ganinsa ba. Hausarta tana da nauyin Barbarci, shi ya sa ba ta cika magana ba.

Ta ce, "Baƙi ne, kuma yana wari. Waccan ta biyu ma ba fara ba ce, ja-ja ce."

Duk ajin ya juyo ya kalle ta. Ba hararar faɗa ba ce, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi magana ana tsakiyar salla ne. Ta sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan yaba mata, sai wani ɗan gajere, ɗan wani makanike, ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Baƙin mai ne. A garejinmu ake zubarwa." Ya rufe baki da hannu. Na kusa da shi ya yi 'yar dariya ta hanci. Wannan ne karo na farko da na ji dariya a ɗakin.

Daga ranar na daina faɗa a kan bencina. Na bar musu ajin yadda suke so, na fitar da su waje. Da farko na nufi inuwar dogon-yaro, sai na waiwaya na ga ba wanda ya biyo ni, sun tsaya a baranda. Na gane kuskurena, muka koma bayan aji, jikin katanga, inda inuwa ke kaiwa har hantsi. A can babu layi, babu kujera. Dole suka zauna yadda wuri ya ba su, a kan duwatsu da tsofaffin tayoyi.

Na san ƙarshen maganar da Baba Malam ya bari, kowane malami ya sani. Sau da yawa na yi niyyar in faɗa musu kawai a huta. Abin da ya hana ni shi ne, na san za su karɓa su liƙa a ƙarshen haddar, su ci gaba da faɗa wa baƙin ruwa ba shi da launi. Sai na ce kowane rukuni ya zo da faranti daga gida. Muka zuba ruwa, suka zana iyakarsa da alli, muka ajiye a rana. Wasu farantan muka rufe da farar leda muka ɗaure. Bayan tara muka dawo.

Suka durƙusa a kan farantan. Ruwan ya ja baya ya bar zanen alli. Na ce ba ni za su gaya wa ba, su gaya wa juna. Na koma can gefe na zauna a kan taya, na yi kamar ina duba jakata. An daɗe kafin in ji raɗa. Wani ya ce akuya ce ta sha. Wata ta ce ƙarya ne, tana kallo ta taga, akuya ba ta zo ba. Wani ya ce farantin ne ke yoyo, suka ɗaga suka ga ƙasan a bushe. Ɗan makaniken ya ɗaga leda ya ce, "Ku ga, ta yi gumi." Wasu 'yan mata biyu suka koma yaren Tangale suna musu, wani ya amsa musu da Fulatanci, aka yi dariya.

Da muka koma aji na rubuta a allo, "Idan rana ta buge shi, sai ya", na ce kowane rukuni ya ƙarasa da abin da ya gani. Ɗakin ya sake yin tsit. Na ga idanu suna zamewa wajen ƙofa. Na miƙa allin, na tsaya da hannu a miƙe har ya fara yi mini nauyi. Daga ƙarshe 'yar Bornon ta taso ta rubuta, "ya gudu cikin iska." Bayanta wasu suka zo ɗaya-ɗaya. "Ya ragu." "Rana ta shanye shi." "Ya hau leda ya zama gumi." Monita bai taso ba. Da aka tashi na gan shi tsaye gaban allo yana karantawa, hannuwansa a baya.

Haka muka yi ta yi, a waje su yi magana, a ciki su yi hadda. Kowace safiya kafin mu fita sai sun karanta darasin ruwan, na bar su. Wata safiya ina tsaye a bayan aji kusa da 'yar Bornon suka fara. Sai na ji ta a cikinsu. Ta sauke muryarta, ta ja kalmomin, nauyin Barbarcin ya ɓace. Da suka ce "launi" ta yi tarin, daidai da na kowa, kuma da suka kai ƙarshe kanta ya juya wajen ƙofa.

Na kira ta gefe lokacin tara. Na ce, "Mura kike yi?"

"A'a, Malama."

"To, tarin fa? Wa ya ce ki yi?"

"Ba kowa." Ta yi tunani, sannan ta ce, "In ban yi ba, maganar ba ta wucewa. Sai in ji ta tsaya mini a nan." Ta taɓa maƙogwaronta.

"Kin san ko na wane ne?"

Ta ce, "Na tsohon ne," kamar wadda ke maganar maƙwabcinsu.

Ran nan na koma gida da abin a raina. Na gaya wa maigidana, ya ce yara ai kwaikwayo ne sana'arsu, in yi addu'a in bar abin. Na yi addu'ar, amma ban iya barin abin ba.

Ba a jima ba ƙorafi ya fara zuwa ofis. Iyaye suka ce sabuwar malama ta mayar da yara masu wasa da ruwa, ana kwashe musu faranti a gida, littattafai kuma babu rubutu kamar da. Hedimasta ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malama, ni ban ce hanyarki ba ta da kyau ba. Amma mutanen nan hanya ɗaya suka sani, kuma mai hanyar bai daɗe a ƙasa ba. Zan kira su ranar Asabar, ki nuna musu da kanki."

Suka zo da yawa, fiye da yadda na zata. Makanikai da kayan aikinsu, masu walda, direbobin keke, mata masu sayar da abinci a tasha, wata ma'aikaciyar asibiti, wata matar fasto, da wani dattijo tela. Yara suka matsa gaba, iyaye suka cika bencinan baya da jikin bango, wasu a tagogi. Na lura da yawansu ba su nemi wuri ba, kowa ya nufi wani benci kai tsaye, har wani ƙato ya ce wa na kusa da shi, "Matsa, nan ne wurina." Na shirya farantai da leda a waje tun safe. Ina shirin fara bayani sai Hedimasta ya ce, "Bari su fara karanta abin da suka saba, iyaye su ji ba a manta ba."

Monita ya buga benci. Suka karanta, suka yi tarin, suka kai "Idan rana ta buge shi, sai ya", suka tsaya, kawunansu suka juya wajen ƙofa.

Sai daga bayan ajin, da jikin bango, da tagogi, murya ta taso.

"…zama tururi, ya hau sama, ya taru ya zama girgije."

Suka yi tari, manya, maza da mata, a tare.

"Idan girgije ya yi nauyi, sai ya sauko."

Muryar ɗaya ce da ta yaran, sai dai ta fi kauri, ina jin ta fi kama da ta mai ita. Ba wanda ya shirya haka. Na kalli Hedimasta na ga leɓensa yana motsi, idonsa a rufe. Da suka gama, kowa ya kalli na kusa da shi kamar wanda aka tasa daga barci. Yaran suka ɗauke kai daga ƙofa suka juya baya suna kallon iyayensu. Unguwar ta yi tsit, ba guduma ba janareta, domin masu su duk suna cikin ɗakin. Wata mai sayar da abinci ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Monita ya kifa kai a kan benci.

Matar faston ce ta fara magana, ta ce, "Allah ya ba shi hutawa." Aka amsa da amin ta ko'ina.

Bayanin da na shirya ya fice mini. Na ce wa yaran kawai su kai iyayensu waje su nuna musu farantan. Ɗan makaniken ya ja hannun ubansa, ya ɗaga leda ya nuna masa ɗigon da ya taru a ƙarƙashinta. Wani direban keke ya durƙusa ya shafa da yatsa ya ce, "Ashe tururin ke nan. Na haddace shi tun ina ɗan yaro, kullum ina ganinsa a murfin tukunya, ban taɓa haɗa su ba."

Dattijon telan bai durƙusa ba. Ya matso kusa da ni ya ce, "'Yata, mu da muka haddace, mun lalace ne?"

Na ce, "A'a, Baba, ba ku lalace ba."

"To, me kike gyarawa?"

Na ce ina so ne idan yaro ya ga baƙin ruwa ya iya cewa baƙi ne. Ya ce, "Shi marigayin ruwa mai tsabta yake nufi, kowa ya san haka." Na ce yaran ba su sani ba. Ya kaɗa kai ya tafi, bai gamsu ba, kuma ni ma ban ji na ba shi cikakkiyar amsa ba. Har yau idan na tuna mutanen da suka cika ɗakin nan, da yadda suka riƙe maganar mutumin shekaru masu yawa ba su zubar da ko harafi ba, nakan tambayi kaina ko akwai abin da na taɓa koyarwa da zai zauna haka a cikin wani.

Ranar Litinin suka karanta darasin har ƙarshe, da kalmomin da suka ji daga iyayensu, ba wanda ya kalli ƙofa. Bayan wani lokaci suka daina karantawa da safe, ban hana su ba, ban kuma tambaye su ba. Hedimasta ya sa aka kai kujerar gidan iyalan marigayin. Bencina kuwa ba su taɓa zama yadda aka zana mana a bita ba. Na gaba suka yarda suka juya, na baya suka zauna a ramukansu har ƙarshen shekara. Ƙorafi ya ragu, bai ƙare ba. Telan ya mayar da jikarsa wata makaranta.

Da damina ta kankama muna kan darasin ƙarfe da tsatsa. Yara sun kwaso ƙusoshi da guntayen kwano daga gareji, kowane rukuni da nasa. Ina zagawa sai na tsaya a bayan rukunin monita, wanda yanzu ya fi kowa son jan magana. Monitan ya ɗaga wata ƙusa ya nuna wa na kusa da shi, ya karkata kai gefe ya ce, "To, kai me ka gani?" Ya ja "to" ɗin, ya ɗaga ƙarshen maganar sama, yadda mu da muka tashi da Fulatanci a gida muke yi, alhali shi ba Bafulatani ba ne. Sannan ya kai hannun dama kafaɗarsa ta hagu ya ja wani abu da babu shi.

Ina da mayafin da ke zame mini duk lokacin da na ɗaga hannu, nakan jawo shi ba tare da na sani ba. Na duba sauran rukunonin. A can gefe wata yarinya ta ce, "To, ke me kika gani?" ta kai hannu kafaɗa. A bayanta wani yaro ya yi haka, da muryata, da irin yadda nake karkata kai.

Na fita baranda na tsaya. Malamar aji huɗu ta leƙo ta ce, "Lafiya? Na ga fuskarki ta canja."

Na gaya mata. Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce, "Nawa ma suna buga ƙafa kafin su yi magana, kamar ni. Me kike so su yi? Ke suke gani kullum."

Na ce, "Na ɗauka na koma gefe."

Ta ce, "Daga gefen ma ana ganin ki."

Muna tsaye ɗan makaniken ya fito ya ce, "Malama, mun kasa yarda da juna." Na bi shi na zauna a ƙarshen bencinsu, na sa hannuwana a cinya na riƙe su. Gardamar a kan tsatsa ce. Shi ya ce daga cikin ƙarfen take fitowa, kamar ƙuraje. 'Yar Bornon ta ce ruwa ne ke kawo ta, domin a garinsu kwanon rufi yana daɗewa bai yi ja ba. Wata ta ce to me ya sa ƙusar da ke cikin baƙin mai ba ta yi ba, alhali shi ma ruwa-ruwa ne. Ba wanda ya nemi in raba, ashe shaida kawai suke so. Suna cikin haka hadari ya haɗo daga gabas, ajin ya yi duhu, ruwa ya fara dukan kwano har ba ma jin juna. Suka matso suka haɗa kai suna ɗaga murya. Wani ya miƙa hannu ta taga ya ajiye ƙusa ɗaya a cikin ruwan saman, ya sa ɗaya a aljihu, ya ce a bari a gani.